Ƙwayar Ido a Watan Azumi

Ɗinki nake yi a Kazaure tun ina saurayi, kuma ban taɓa neman wani ya zura mini zare a allura ba sai da furfura ta cika mini gemu. Ido ya fara hazo. Aka ce in sa tabarau, na ƙi, don gani nake duk wanda ya ga tela da tabarau zai kai shaddarsa wani shagon. Wannan girman kaina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Taubashina, ɗan kawuna, shi ya kawo mini maganin. Yana yawo da jaka a bayan babur, yau kasuwar Gwiwa, gobe Roni, yana sayar da ƙwayoyin kamfani. Ya dire wata 'yar roba a kan kekena.

"Bilberi ke nan, makaho," in ji shi. "Daga 'ya'yan itacen Turai ake yin sa. Ba ma magani ba ne, abinci ne. Safe, rana, dare."

Na ce, "Kai da kake tuntuɓe da buta tsakar rana, kai ne likitan ido?"

Muka yi dariya, na karɓa.

Ina da ciwon suga, ina kan maganin asibiti, ga 'yar asfirin da likita ya ɗora ni a kai. Taubashina bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Abinci ne ai. Sai azumi ya kama, lokacin da ɗinkin sallah ke cika shago. Tunda ba halin sha da rana, na yanke wa kaina shawara: in haɗa na safe da na rana da na dare a sahur, in bi da maganin suga. Har talla na riƙa yi wa masu kawo ɗinki, ina cewa idona ya washe, alhali ban tabbata ba.

Da farko allura ce ta soke ni a yatsa, jinin ya ƙi tsayawa da wuri, ya ɓata wuyan wata farar shadda. Na wanke, na ci gaba da ɗinki. Bayan 'yan kwanaki, gab da la'asar, gumi ya karyo mini, hannu na rawa, ƙafa ta kasa taka keke. Maƙwabciyar shagona, wata Kirista 'yar kudu mai sayar da kayan shayi, ta leƙo ta gan ni. Mijinta ma mai suga ne, ta gane. Ta dama suga a kofi ta miƙo, na ce ina azumi.

"Baba, sha yanzu, ka rama daga baya," ta ce.

Na sha, mutane na kallo.

A asibiti na nuna robar. Likita bai ce ita kaɗai ta kayar da ni ba. Ya ce azumi da maganin suga sun isa su sauke suga, ƙwayar kuma tana iya ƙara sauke shi, tana kuma iya sa jini ya yi wuyar tsayawa ga mai shan asfirin. Ya ce in daina shan ta.

Na koma shago na fara warware tallar da na yi. Duk wanda na tuna na yaba masa ita, sai na gaya masa abin da ya same ni. Cinikin taubashina ya ja baya, sai Kawu ya aiko a kira ni.

Na durƙusa a zaure na gaishe shi. Ya ce, "Ɗan'uwanka kake ɓata wa suna a bakin titi? Kai ka haɗa uku ka haɗiye. Shi ya ce ka haɗa?"

"A'a Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Wautata ce, kuma haka nake faɗa wa kowa."

"To ka ja bakinka."

"Kawu, da bakin nan na ce wa dattawa su saya, wasunsu masu suga ne irina. Ranar da ɗan'uwana ya fara tambayar mutum maganin da yake sha kafin ya miƙa masa, ranar zan yi shiru. Kafin nan, ka gafarce ni, ba zan iya ba."

Kawu ya kawar da kai, bai amsa sallamata ba. Da sallah taubashina bai tako gidana ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun muna yara. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Jiya ma wani dattijo daga Babura ya kawo ɗinki da irin robar a aljihun gaba. Na jawo masa benci na ce ya zauna tukuna.