Motar Biredi Ranar Lahadi

Duk wanda ya kwana biyu a unguwar New Bell ya san Ɗantani direba. Tun yana saurayi yake raba wa shaguna biredi, daga Bepanda har Ndogpassi, a farar motar kamfani. Don yarda, a ƙofar gidansa motar take kwana. Sharaɗi ɗaya aka yi masa: ranar Lahadi ba ta motsi.

To, amma Ɗantani bai iya cewa a'a ba, shi ne ciwonsa. Ragon suna, katifar amarya, wa za a nema? Ɗantani.

Wata Lahadi aka yi rasuwa a layinsu. Wa zai hana gawa mota? Ya kai, aka binne. A dawowa mutane suka cika baya, inda ko kujera babu. Wani ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, ya yanko gabansa da babur, ya taka birki, motar ta zame ta faɗa kwata. Kowa ya fito da ƙafarsa, har Mahdi mai tsire, sai dai shi Mahdi hannunsa na dama ya dagargaje.

Ɗantani ya san zancen sarai. Inshorar motar ta biredi ce, ta ranar aiki. Ba ruwanta da mutum a baya ran Lahadi. In Mahdi ya kai ƙara, dole kamfani ya ɗauki jinya, shi kuwa a karɓe makulli, wataƙila har ya kwana a hannun hukuma.

A asibiti likita ya tambayi yadda aka yi.

"Daga babur na faɗo," in ji Mahdi.

Ɗantani na tsaye a gefen gado, yana ji da kunnensa. Ya kai motar wajen mai gyara, Litinin ya fita rabo kamar ba a yi ba.

Hannun bai koma daidai ba. Wuƙa ta gagari Mahdi, wani ne ke yanka masa nama, shi yana zaune. Unguwa ta ce ƙaddara ce. Da zaginsa aka yi ma, da Ɗantani ya fi samun sauƙi. Kunya ta sa ya daina bi ta layin da Mahdi ke tsire.

Ran nan suka yi kiciɓis a ƙofar masallaci.

"Yaya Mahdi, ni fa…"

"Kai, bari. Ya yara?" Mahdi ya miƙo hannu, sai kuma ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Ɗantani, da hagu na ba ka."