Kwandon Shamuwa a Kan Tsamiyar Gidanmu

Ku matso kusa, ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce. A tsakar gidan nan aka yi ta, ina gani da idona. Ni ban san riƙon alƙalami ba. Ina faɗa ne jikata tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini baki.

Da aka kawo ni gidan nan, a ƙauyenmu na ƙasar Darki, na riga sanin tsamiya kafin in san fuskokin mutanen gida. Tana tsaye tsakanin rumbuna da katangar yamma, mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinta. A inuwarta ake sussuka, a nan ake ɗaure awaki, 'ya'yanta kuwa su ne kunun gidan daga kaka zuwa kaka.

Bazarar farko da na yi a gidan, zafi ya kai inda ya kai, sai na ga uwar mijina, wadda kowa ke ce wa Iya, ta fito da tsohon kwandon kaba da muke ɗibar dawa da shi. Gindinsa ya fara cinyewa, na zaci juji za ta kai shi. Sai ta miƙa wa Malam, mijina ke nan, ta haɗa masa da igiyar rama. Ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya hau tsamiya, ya ɗaure kwandon a inda manyan rassa suka rabu.

Iya ta waiwayo ta gan ni. Ta ce, “Amarya, rufe bakin nan kada ƙuda ya shiga. Shimfiɗar baƙi ake yi.”

Na ce, “Waɗanne baƙi, Iya?”

Ta ce, “Shamuwa mana. A garinku ba ta sauka? Allah ke kawo ruwa, amma ita yake aikowa ta fara faɗa.”

Ranar ta koya mini ƙa'idar abin. Kwandon ba sabo ake sawa ba, sai wanda ya yi wa gida aiki har ya gaji. Kuma ba a aiken ɗan haya ko yaron maƙwabta ya hau. Maigida da kansa yake hawa, domin baƙon gida maigida ke tarba. Ba a jifan shamuwa, ba a taɓa ƙwanta. In ɗanta ya faɗo, a ɗauke shi a mayar.

Ba a daɗe ba suka iso. Da hantsi muka ga suna kewaya a sama, baƙaƙe wuluk, cikinsu fari fat, ƙafafu dogaye. Biyu suka sauka a tsamiyarmu, suka tsaya suna leƙa kwandon kamar masu taya kaya a kasuwa, sannan suka fara jidar kirare. Malam ya shiga ɗaki ya fito da iri da sungumi. Ba ya tambayar kowa lokacin shuka. Tsuntsun nan yake kallo.

Shekara da shekaru haka muke. Ba gidanmu kaɗai ba, kusan duk gidan da ke da kuka ko tsamiya ko gawo yana da nasa baƙin. In ana noma, sai ka ga shamuwa tana bin bayan manoma tana takawa a hankali, tana tsintar fara da tsutsa. In an yi ruwa ta gangara fadama wajen kwaɗi. Malam yakan ce gonar da shamuwa ke kiwo a cikinta fara ba ta cin ta da yawa. Kashinsu kuwa ya ishe mu. Ya ɓata shanya, ya ɓata turmi, ga ƙarni in rana ta take. Iya ba ta taɓa barin mu yi mita ba. Sai ta ce, “Share ki kai bayan rumbu, kabewa na so.” Da hatsi ya nuna, wata safiya sai a tashi a ga sheƙa wayam. Sun tafi ba sallama, mu kuma ba mu san inda suke zuwa ba.

Iya ta rasu, na gaje ta wajen fitar da kwando. Malam ya tsufa, amma bai daina hawa ba sai da gwiwa ta hana shi. Daga nan aka bar tsohuwar sheƙa a wurinta, tsuntsayen suna zuwa suna ƙara mata kirare. Bayan rasuwarsa wata iska ta farkon damina ta kakkaɓo sheƙar gaba ɗaya. Babu wanda ya hau. Ɗana na fari, wanda gidan ya koma hannunsa, yana Wudil a shagonsa na bakin titi daga safe har magariba.

A tsakanin nan ƙasa ta sauya, kuma ba rana ɗaya ta sauya ba, shi ya sa ba mu farga ba. Masu gawayi suka shigo da injin yankan itace. Da can mutum yana shakkar sa wa tsamiya gatari, amma inji ba ya shakkar komai. Feshi ya shigo gonaki, ciyawa ta mutu, fara ta mutu, ni kuma na lura kwaɗin fadama sun rage kuka. Masu zuwa kara, kasuwar shanu ta Wudil, ranar Juma'a suka ce ungulu ma, da take cika mahauta, yanzu sai a wuni ba a ga ɗaya ba. Shamuwa ta ragu, ta ragu, har aka yi damina biyu ba ta sauka a gidan nan ba.

To, a nan maganar ta taso. Ɗan nawa yana so ya yi wa babban ɗansa ɗaki, kuma babu fili sai wajen tsamiya. Wata la'asar ya zo ya tsuguna ya gaishe ni, ya daɗe yana gaisuwa, na san da magana. Ku sani ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na kuma sakin baki da shi. Jikata, 'yarsa, wadda ke karatu a jami'ar Wudil, tana zaune tana tsince mini shinkafa, ita ce ta zama tsaninmu.

Ya ce, “Inna, dama batun tsamiyar nan ne. Masu inji sun ce za su iya sauke ta ba ta taɓa katanga ba.”

Na ce wa yarinyar, “Tambayi ubanki, in baƙi sun zo ina za su sauka?”

Ta yi dariya ta ce, “Kaka, ga shi fa a gabanki, kunnensa ƙalau.”

Na ce, “Ke na aika, uwar iyayi.”

Ya ce, “Inna, wane baƙi? Damina biyu ke nan. Yanzu ko lokacin ruwa a waya ake ji. Yaro yana kwana a zaure saboda tsuntsun da ya manta da mu.”

Maganarsa ba ƙarya ba ce, shi ya sa ta yi mini zafi. Yaron yana bukatar ɗaki. Na ce wa jikata, “Gaya masa ba ita ta manta da mu ba, mu muka daina yi mata shimfiɗa. A sa kwando bana. In ruwan shuka ya sauka ba ta zo ba, ya kira masu injinsa, ba zan ce uffan ba.”

Ya ce ya yarda.

Sai neman kwando. A nan na gane yadda gidan ya sauya a hannuna ban sani ba. Na duba ɗaki, na duba madafa, na duba rumbu, babu kwandon kaba ko ɗaya. Buhu ne da bokiti da roba. Jikata ta sayo wani jan kwandon roba a kasuwar Wudil, ta kawo tana murna.

Ta ce, “Kaka, wannan har jikokin shamuwar sai sun gaje shi. Ba ya ruɓewa.”

Na ce, “Abin da ba ya ruɓewa ai ba ya karɓar kowa. Ajiye shi a rana ki dawo.”

Da azahar ta taɓa shi ta janye hannu. Ta ce, “Wannan kam sai ya dafa ƙwan.” Ta zauna kusa da ni, ita ma ta ba ni nata sanin. Ta ce a makaranta an koya musu cewa shamuwa ba ɓacewa take yi ba in ta bar mu. Kudu take yi, can nesa ƙwarai, ƙasashen da damina ke sauka lokacin da muke rani. Amma a wajenmu take yin ƙwai, a wajenmu take ƙyanƙyasa. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Duk tsawon zamana ina ce mata baƙuwa, ashe nan ne garinsu, can ne take ci-rani. In babu itace a nan, babu inda za a haife ta.

Abu ɗaya ya rage na kaba a gidan. Lefena ne, na ainihi, mai murfi, wanda aka zubo mini zannuwa a ciki lokacin aurena. Yana ƙarƙashin gado, a ciki nake ajiye farin yadin da na tanada domin ranar tafiyata. Na fitar da yadin na naɗe a zane. Na daɗe ina riƙe da lefen. Ya yi wa gida aiki, ya kuma gaji, babu ta inda ya saɓa ƙa'idar Iya.

Da ɗana ya ga lefen a tsakar gida, ya gane shi. Ya ce, “Inna, wannan kuma?” Na ce wa jikata ta miƙa masa igiya. Ya ce bari ya kira wani cikin masu hawa itace. Na ce, “Gaya masa maigida ke hawa.”

Mutum ne mai jiki, ya kusa fara furfura. Ya tuɓe riga, matarsa tana daga ƙofar ɗaki tana cewa, “Alhaji, ka rufa mana asiri, tumbin nan ba na hawa ba ne!” Ya hau da ƙyar, yana nishi, 'yarsa tana yi masa kirari tana dariya. Da ya kai inda rassa suka rabu sai ya tsaya cak. Ya daɗe bai ɗaura ba, bai sauko ba, har na ji tsoro ko jiri ne ya kama shi. Can ya ɗaure lefen, ya sauko a hankali.

Bai yi mini magana ba, 'yarsa ya gaya wa, ita ta kawo mini. Wai a reshen ya tarar da igiyoyin da ubansa ya ɗaura, ɗaya a kan ɗaya, itacen ya haɗiye su sai bakin ƙulli ke leƙowa. Wai kuma da ya ɗaga kai ya duba gari, daga nan har fadama bai ga babban itace ba in ban da kukar maƙabarta. Rufin kwano kawai yake gani yana ƙyalli.

Muka shiga jira. Kullum da hantsi ina fitowa in zauna a kan turmi in kalli sama. Shirwa na gani, hankaka na gani. Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Ran nan da yamma iska ta taso, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta jiƙu har ta yi ƙamshi. Ruwan shuka ne, babu musu. Lefena yana sama ya sha ruwa, babu kowa a cikinsa.

Da gari ya waye na kira jikata na ce, “Gaya wa ubanki magana ta cika. Ya kira su.” Na shiga ɗaki na sa labule, domin ba na so in ji kukan injin.

Abin da na ji bayan an gama shuka ba inji ba ne. Muryar magina ce, suna gardama da ɗana. Babbansu yana cewa, “Alhaji, in aka ja igiya nan ɗakin zai tsuke, gado da kujera ba za su zauna tare ba.” Shi kuma yana cewa, “A ja ta nan ɗin. Kujerar ta zauna a waje, akwai inuwa.” Haka aka gina ɗakin, siriri, kusurwarsa ɗaya a karkace don a kauce wa saiwa. Har yau in baƙo ya shigo sai ya tambayi wane magini ne ya yi wannan aika-aika. Ban yi masa godiya ba, shi ma bai tayar da maganar ba. Na dai dama masa kunun tsamiya da hannuna na aika masa.

Shamuwa ba ta zo ba a shekarar. Sai bazarar da ta biyo baya guda biyu suka sauka, a makare, suka leƙa lefen suka karɓa. Ƙwai suka yi, suka ƙyanƙyashe, ɗa ɗaya ne ya rayu har ya tashi. Ina jin abincin ne ya yi musu kaɗan, don nakan ga uwar ta daɗe a fadama ta dawo baki babu komai. Itace mun tsare mata, amma fara da kwaɗi ba a hannuna suke ba.

Iya da Malam suna kwance a gindin kukar nan da ɗana ya hango, Allah ya jiƙansu. Ɗan nawa yana nan a shagonsa, kuma duk bazara yana hawa, yana mita yana hawa. Ya sa wata tsohuwa a ƙauyen Achika tana saƙa mana kwando, mu ɗebi dawa da shi shekara guda kafin a kai shi sama. Yaron ya yi aure a siririn ɗakinsa, amaryarsa tana share kashin tsuntsu tana kai wa kabewa. Jikata ta kusa gama karatunta, ta dasa 'ya'yan tsamiya a bayan gida ta kewaye su da ƙaya saboda awaki. Lefena ya ruɓe a cikin sheƙa, ba a bambance shi da kirare. Ni kuwa ga ni nan a kan turmi, yadina yana naɗe a zane. Bana an ɗaura kwando, hadari ya fara haɗuwa, ba su iso ba tukuna. Nan tawa ta tsaya.