Filas ɗin Hashimu Mai Zare

Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne ya raba shagona da na Malam Hashimu Mai Zare a Sabon Garin Wudil. Ni ina buga wa ɗaliban jami'a takardu ina yi musu kwafi, shi yana yi wa riguna aikin wuya da injin kwamfuta. Sunana Ja'afar, amma bai taɓa kirana da shi ba, kullum sai "Ɗan boko". Ni kuwa Yaya nake ce masa, don ya ba ni shekara ashirin cif.

Mutumin Indabo ne, nan ƙasar Wudil. A zauren kawunsa ya koyi aikin hannu tun bai fara azumi ba, lokacin da babbar riga ɗaya kan ci wa mutum wata uku yana tsugune a kanta da allura. Da kasuwar aikin hannu ta ja baya ya koma keken surfani, ya taka shi har gwiwoyinsa suka fara ƙara in zai miƙe. Da kwamfuta ta shigo kuma, masu riga suka ce ita suke so, sai ya kai shanunsa biyu Kara, kasuwar shanu, ya sayar, ya sayo tsohon inji daga Kano. Sau biyu ke nan sana'a tana sauya masa kama yana binta. Bai yi boko ba ko na rana ɗaya. Ya sauke Alƙur'ani dai, kuma Allah ya ba shi kan hadda.

Shi wannan inji ba ya sanin zane da kansa. Zanukan suna cikin filas, ɗan abin nan da bai wuce ɗan yatsa ba, ana soka shi a jikin inji. Sai hotunansu su fito ƙanana a wani ɗan allo, kowanne da lambarsa. Ka yi ta danna maɓalli har ka zo kan wanda kake so, ka ɗaure yadi, inji ya ɗinka.

Kowa a layinmu ya san idon Yaya Hashimu ya yi rauni. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a rage masa gudu da maganin ɗigawa. Matarsa Lubabatu da ƙaninsa Isyaku sun yi roƙo har sun gaji a kan ya rufe shago ya koma gida ya huta. Amsarsa ɗaya ce, na ji ta ya fi sau hamsin: "Ranar da na ɗora wa mutum zanen da ba nasa ba a riga, ranar zan miƙa makulli. Kafin nan a ƙyale ni." Kuma bai taɓa ɗorawa ba. Zare ma ba ya neman a zura masa, sabo yake ƙullawa a jikin tsoho ya ja shi ya bi ta cikin allura. Wannan kujera ta gaban inji ita ce abin da ya rage masa, kuma ya riƙe ta da hannu biyu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne filas ɗinsa. Ni mutum ne da ba na iya ganin hargitsi in yi shiru. Ko takalma na gani a warwatse a ƙofar masallaci sai na ji kaina yana sarawa. Filas ɗin Yaya Hashimu kuwa bola ce. Shekara tara duk wanda ya sami sabon zane a waya sai ya zuba masa, abokan sana'a su zuba, masu riga su zuba, ba mai duba ko akwai shi a ciki. Zane ɗaya sai ka same shi sau huɗu, sau biyar, wani sunansa "sabo", wani "sabo sabo", wani lambobi ne zalla. Har da fulawoyin zanen gado da na hijabi, abin da bai taɓa ɗinkawa ba. Gaba ɗaya dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai. Saboda nauyinsu, in ya kunna inji sai mutum ya sha shayi ya wanke kofi kafin allon ya buɗe. A garin da ake kawo wuta kamar ana ba da aro, wannan jira ba ƙaramar asara ba ce.

"Yaya, ba ni filas ɗin nan na minti talatin," nakan ce. "In share masu maimaici kawai. Wallahi rabinsu tagwaye ne."

"Ɗan boko, tagwayen sun ci maka tuwo?"

"Suna cinye maka wuta."

"Wutarka ce? Koma kan takardunka."

Sai ya juya wa allonsa, ya kusa manna fuska a jiki, yana danna maɓalli da babban yatsa, leɓensa na motsi. Na ɗauka tasbihi yake yi, har nakan ce a raina bawan Allah, ko aiki bai raba shi da zikiri ba.

Wata Juma'a bayan girbi aka yi rasuwa a Indabo, ya tafi gaisuwa. Ya bar mini makulli kamar kullum, ko wani zai zo karɓar kaya. Ɗalibai suna hutu, ba aiki, ga wuta ta zauna tun hantsi. Na shiga shagonsa na zare filas ɗin. Ban yi shawara da kowa ba, don a ganina alheri zan yi, irin wanda ake yi wa dattijo mai taurin kai a bayan idonsa, daga baya ya gode.

Na kwashe komai zuwa kwamfutata, na ajiye kwafi ɗaya a gefe. Na sa manhaja ta zaƙulo masu maimaici, na bi sauran da ido ɗaya bayan ɗaya. Na share, na share, har wuyana ya ƙage. Daga dubu da ɗari biyu suka dawo ɗari uku da tamanin. Na wanke filas ɗin tas, na mayar da su a jere bisa haruffa. Da na soka shi a inji, kafin in gyara tsayuwa allo ya buɗe. Na tsaya ina kallo ina jin daɗin kaina, har na ƙudurta ba zan gaya masa ba, in bari ya gani da kansa.

Asabar da safe ya dawo. Muka gaisa ta bakin ƙofa.

"Yaya, an dawo lafiya? Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Ya iyali? Ya muka bar ku?"

"Lafiya lau. Allah ya jiƙan musulmi."

"Amin, amin. Ba wanda ya zo?"

"Babu kowa."

Ya shiga. Aikin da ke gabansa farar shadda ce ta Alhaji Maikano, dillalin shanu a Kara, wanda shekara ashirin ba wanda yake yi masa wuya sai Hashimu, kuma zane ɗaya yake so, ba ya sauyawa. Ina jiyo shi ta bango ya kunna inji. Na kasa kunne ina jiran ya kira ni ya yi mamaki. Inji ya fara sukuwa. Bai yi minti biyu ba ya tsaya cak.

Sannan na ji muryarsa, a hankali.

"Ja'afaru."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na same shi a tsaye, yatsunsa suna shafa ƙirjin rigar. Rabin fulawar zanen gado ce a kwance a kan shaddar Alhaji Maikano.

"Ba kukan na Maikano ba ne wannan," ya ce. "Na Maikano da dogon ɗinki yake farawa, tarrr, tarrr. Wannan sai tsalle yake yi. Mene ne na ɗora wa mutum?"

"Fulawa ce, Yaya."

"Na ɗari biyu da sha bakwai na danna. Shekara shida na Maikano yana na ɗari biyu da sha bakwai. Wa ya taɓa mini filas?"

Na gaya masa. Na ce ai hoton yana fitowa a allo, bai duba ba? Ya juyo da fuskarsa wajena, kuma a ranar na lura ba ni yake kallo ba, inda muryata take yake kallo.

"Rabona da ganin abin da ke allon nan shekara uku," ya ce. "Duhu-duhu nake gani, kamar ƙudaje a jere. Ƙirgawa nake yi. Na san na wane yana na nawa, tun daga na ɗaya har na ƙarshe. Tagwayen da kake raina su, su ne alamata. In na ga duhu uku iri ɗaya a jere, na san na zo ɗari da hamsin. In na ga biyar, na san na wuce ɗari huɗu. Ko na yi kuskuren ƙirga, su suke mayar da ni hanya."

Ashe motsin leɓen nan ba tasbihi ba ne. Ni kuma na shiga gonar mutum na sare bishiyoyin da yake gane iyaka da su, don kawai sun yi mini yawa a ido.

Bai zage ni ba, da ya zaga da na fi samun sauƙi. Na ce ai tsofaffin suna nan a kwamfutata, yanzu zan mayar. Na ruga na mayar da dukkansu. Amma inji yana jera zane ne bisa yadda aka riƙa zuba su a filas, yau ɗaya, gobe uku, shekara tara. Wannan jerin na wanke shi da hannuna, kuma ba ya ko'ina sai a kan Hashimu. Na ɗari biyu da sha bakwai ya fito wani abu dabam.

Kwana biyu ya yi yana warware fulawar da reza, da lalube, zare ɗaya bayan ɗaya. Ta fita, amma ramukan allura sun zauna a shaddar. Shi da kansa ya ɗauka ya kai wa Alhaji Maikano har gida. Alhaji ya ce ba komai, ai yadi ne, kada Hashimu ya bar aikinsa. Isyaku ma da ya ji labari cewa ya yi wannan ba laifinsa ba ne, ba ta cikin alƙawari. Hashimu dai bai sake ɗaura yadin kowa a inji ba.

Na ce mu sake gina jerin. Shi ya riƙa faɗa mini daga kansa, ni ina nemowa ina jerawa. Ya yarda, ina jin don kada in mutu da kunya ne. Kullum bayan la'asar sai in rufe shagona in ɗauko kwamfuta.

"Na tara, na Liman ne. Aska biyu, da ɗan dagi a ƙasa."

"Yaya, masu aska biyu da dagi sun kai talatin."

"Wanda bakinsa ya ɗan fi faɗi."

"Duk bakinsu da faɗi."

Sai mu ɗaure ƙyalle, mu sa inji ya fara ɗinka su ɗaya bayan ɗaya, shi yana saurare da kai a sunkuye, har ya ce wannan ne. Wani zanen mu same shi a gwaji na uku, wani sai na goma sha. Ana cikin haka a ɗauke wuta, mu zauna muna kallon titi. Masu riga suka fara zuwa suna karɓe yadinsu cikin ladabi, kowa da uzurinsa. Mako uku muka yi a haka, muka kai na sittin da huɗu. Na gaji, shi ma ya gaji, har gaisuwarmu ta safe ta gajarce.

Ranar da muka tsaya, na ce to mu bar tsohon jeri. Ga ɗari uku da tamanin a tsare, zan riƙa karanta masa kullum har ya haddace sabo.

"Ɗan boko," ya ce, "wancan da ido na fara haddace shi, ina gani ina riƙewa, shekara tara. Yanzu ba idon, kuma ba na jin akwai wata taran." Ya laluba ya kashe inji. "Na ce ranar da na ɗora wa mutum abin da ba nasa ba. Ban ce sai in laifina ne ba."

Ya bar wa Tasi'u injin, wani tela a bakin kasuwa da suka daɗe suna mutunci. Na sake mayar da gyararren jerin a filas na haɗa masa da shi. Isyaku ya zo da a-kori-kura aka kwashe benci da buta da ragowar zare. Bayan mako guda Tasi'u ya tsaya a ƙofata a kan babur, yana ta yaba mini. Wai bai taɓa ganin filas mai tsari irin wannan ba, ko zan gyara masa nasa? Na ce masa ba na wannan aikin.

Sai da aka yi wata biyu na iya zuwa Indabo. Na same shi a kan tabarma a zauren da ya koyi allura, Lubabatu ta aiko mana da fura. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen layi ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Na nemi gafara, ya ce ya yafe tun a ranar, ai gyara na yi niyya. Muna hira babban yatsansa yana danna gwiwarsa, leɓensa na motsi a tsakanin magana. Wannan karon na san abin da yake karantawa, kuma na san ba injin da zai amsa masa.

Da na miƙe zan tafi ya riƙe hannuna.

"Wajen Tasi'u, yana buɗewa da wuri yanzu?"

"Nan take, Yaya."

"To madalla," ya ce. "Ka ga ashe kai ne da gaskiya."