Kawu Ladan da Ganyen Kudaku

Duk wanda ya san Kawu Ladan a Kebbe ya san ba a gama gaisawa da shi sai ya sa yatsa ya ja maka fatar ido ƙasa ya leƙa. In ya ga fari fat, sai ya girgiza kai ya ce, "Ba ka da jini. Tafi ka ci ganyen kudaku." Har liman bai tsira ba!

Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon ma'aikacin duba-gari. Wani kwas aka tura su Sakkwato, a can ya jiyo cewa ganyen kudaku, wato dankalin Hausa, wanda muke zuba wa awaki, yana ƙara jini, yana gyara ido, kuma akwai sinadaran da ke hana jiki lalacewa ta ciki. Ya dawo ya fassara mana da Hausarsa: "Jikin mutum kamar kwano yake, shina tsatsa. Wanga ganye shi ka hana ta." Daga ranar muka shiga uku.

Kun tuna rasuwar Alhaji Bawa mai shanu? Ana zaman makoki, kowa na cewa Allah ya gafarta, sai Kawu ya gyara murya.

"Kwana ya ƙare, ba musu. Amma mutum kullum tsire, kullum kitse, ko ganye guda..."

Babban ɗan mamacin ya ce, "Haba Malam Ladan, makoki fa muka yi!"

"Na sani, yaro. Ai don kai nika faɗi. Shi ya riga ya wuce."

Da na haihu a Tambuwal, inda nake aure, ana sa ran kaji daga wajen kawun mai jego. Sai ga shi bayan mashin da buhu cike da ganye. Uwar mijina ta leƙa buhun ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Akuyar tana tafe a baya ko?"

"Hajiya, kin taɓa ganin akuya kwance asibiti ana mata ƙarin jini?"

Bai tsaya nan ba. Ya ja kujera bakin madafa, namiji guda cikin mata, yana ba da umarni: kada a dafa shi ya mutu, kada a zubar da ruwan, a fi zaɓar mai duhun kore, a matsa lemun tsami. Na ci don kunya, da ƙuli da albasa. Wallahi ba laifi, amma ban gaya masa ba.

Mu yara dariya kawai muka sani. Innata kuwa ba ta taɓa yi masa dariya ba. 'Yarsa ɗaya tilo, Hauwa'u, wajen haihuwa ta rasu tun kafin kwas ɗin nan. Ta shiga naƙuda ba jinin kirki a jikinta, aka ɗauko ta za a kai Tambuwal, damina ce, motar ta kafe a laka, jini ya ƙare mata kan cinyar ubanta. Wata rana na ji Inna tana ce masa, "Ladan, ka sassauta wa kanka. Ganye ba ya tsai da zubar jini."

Ya ce, "Na sani, Yaya. Amma da ta samu abin zubarwa har mu isa. Ganyen shina nan bayan gidana ina ba awaki."

Shekarar da 'yan bindiga suka koro mutanen ƙauyuka suka cika makarantar firamare ta Kebbe, hatsi ya gagari kowa. Kawu ya buɗe fadamarsa ya ce a tsinki ganyen kudaku a dafa. Wata mata mai goyo, ƙashin wuyanta duk a waje, ta ce, "Malam, yunwa ta koro mu, amma ba mu zama bisashe ba."

Ya miƙa mata kwanon dafaffen ganye. "Ci tukuna. In kin ƙoshi ki zage ni da ƙarfi."

Ta ci. Amma ganye ba ya korar ƙyanda da gudawa. Yara suka riƙa mutuwa, Kawu na ɗaukar su a tabarma zuwa maƙabarta da hannunsa. Tun lokacin barkwancinsa ya ragu.

A fadamar aka tsince shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Muna asibiti abokin wasansa Malam Sani ya shigo, idonsa cike da ƙwalla, ya ce, "Ladan, duk ganyen da ka ci?"

Bakin Kawu a karkace, da ƙyar muka gane: "Na ce muku shina hana mutuwa? Ku dai ba ku saurare."

Bai ƙara wata magana ba sai kalmar shahada.

Ranar addu'ar uku sai ga mata daga firamaren nan, a ƙasa, da goyonsu. Ba wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu. Suka zauna bakin zaure, suka yi kukansu suka tafi.

Allah ka jiƙan Kawu Ladan, ka yalwata masa makwanci. Ka haɗa shi da Hauwa'u da yaran da ya raka, a inda ba yunwa ba gudu. Amin.