Yadda Na Bi Hadiza Har Dudunni

Kankiya

Ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, don matan unguwarmu su ji daga bakina. Ranar Talata na bar gida kafin kiran assalatu. Dalili kuwa, maƙwabciyata ta nuna mani a waya jikata Hadiza, wadda na raina tun rasuwar uwarta, tana rawa cikin matasan da ke bin ƙauyuka da waƙar ƙanjamau. Ni kuwa, wayar da kai Hadiza ta ce mani za su. Har an fara cewa budurwar da ta san cutar nan haka, ai da dalili. Na ɗaura niyyar dawowa da ita a ranar, ta bar abin.

A tasha na yi sallah. Motar Kusada, inda na ji an ce suna, ba ta tashi ba sai bakwai da kwata, naira dubu.

"Direba, mi muke jira?"

"Mutum ɗaya, Iya."

"Tun ɗazu mutum ɗayan nan ba a haife shi ba?"

Shinge guda muka tarar a hanya. Jami'an tsaro suka leƙo, suka gaishe ni, muka wuce.

Kusada

Takwas ta gota muka sauka. Na sayi koko da ƙosai na ɗari uku, na sha a tsaye. Mai ƙosan ta ce tun jiya da la'asar matasan suka wuce Dudunni, 'yan matan cikinsu a gidan wata malamar asibiti suka kwana. Na tare ɗan acaɓa.

"Ɗana, ka yi sauri, kuma ka bi a hankali."

"Iya, wanne zan ɗauka ciki?"

Rabin awa muna ratsa dawa da wake, ina riƙe da ƙarfen baya.

Dudunni

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na same su a fili, da lasifika da ganga da riguna iri ɗaya. Waƙar na cewa a je gwaji, akwai magani, kuma ba a gudun mai cutar. Na duba 'yan kallo: ƙananan yara, sai tsofaffi uku a kan tabarma. Magidanta na gona, mata na cikin gida. Suna tsayawa na kama hijabin Hadiza.

"Ɗauko kayanki."

"Kaka, shekara biyu Mama na kwance kuna cewa sammu ne. Wa ya faɗa mata akwai magani?"

Ban taɓa zaton ta sani ba. Na saki hijabin. Na juya ga matasan na ce, "To wa kuke yi ma waƙar? Waɗannan masu majinar?"

Shugabansu, wani Kabiru, ya durƙusa ya ce gida uku suka tura 'yan matan aka koro su, wai budurwa ba ta yi ma matan aure irin wannan zance.

"Su kaɗai kuka tura, ba babba? A gidan wa aka raine ku?"

Na ce a bar lasifika, maza su zauna, mata su biyo ni. Na yi sallama gidan farko. Muka gaisa da tsohuwar gidan, na tambayi jikoki da amfanin gona, na sha ruwanta. Sai da muka saba na roƙi ƙwarya da kwanon ruwa, na kifa ta na fara kiɗa, irin wanda rabona da shi tun sunan Hadiza. Suka ɗora waƙarsu a kai. Maƙwabta suka riƙa shigowa ta ƙofar baya. Wata mai ciki ta matso kusa da kunnena: "Iya, ina ake gwajin?" Na kira Hadiza ta kwatanta mata. Gida huɗu muka shiga kafin la'asar.

Gida

Sharaɗi biyu na kafa ma Kabiru: ba sauran rawar mata a fili, kuma kowane gari su nemi tsohuwa ta shige masu gaba. Na hawo acaɓa ni kaɗai, na samu motar ƙarshe a Kusada, ana kiran magariba na shiga Kankiya.

Maƙwabciyata na bakin ƙofa. "Ina yarinyar?"

"Tana aiki," na ce.

Ku da kuka yi ta tambayar dalilinta, ga shi: ƙanjamau ne ya kashe ɗiyata Rabi, uwar Hadiza, ni kuma na ɓoye. Na gode wa Allah da Ya maido ni lafiya, na gode wa tsohuwar Dudunni da ta ba ni aron ƙwarya.