Muryar Baba a Wayar Ƙungiya

Shekarar da ƙungiyar manoma ta raba wa wakilanta manyan wayoyi, ni aka ɗora wa aikin saita su a yankinmu, don kawai ina koyarwa a firamare kuma an san ba na tsoron latse-latse. Aikin wakili shi ne ya ɗauki hoton gona, ko na tsutsar da ta kama masara, ya tura ofis a Kano. Wayoyin ba irin na kasuwa ba ne. Dukkansu a ɗaure suke da kwamfuta guda a can ofis, wanda ke zaune gabanta yana iya buɗe abu ko ya rufe a wayar da ke aljihunka, kana tsakiyar gonarka.

Mai zama gaban kwamfutar nan abokina ne. Tare muka yi kwalejin ilimi a Bici, ɗaki ɗaya, kwanon garin kwaki ɗaya. Akwai hutun da zazzaɓi ya kayar da shi, na ɗauko shi zuwa gidanmu, Baba yana yi masa tofi, Inna tana dama masa kunu, har ya miƙe. Daga nan Baba ba ya kiransa da komai sai ɗana na birni. Saboda haka da na ji shi ne zai zo ya nuna mini aikin, ban kawo komai a raina ba.

A gindin darbejiyar ƙofar mai unguwa muka baje wayoyin a kan tabarma. Abin da za mu sa musu shi ne manhajar kariya, wadda yake kira antibairos. Ya nuna mini a waya ɗaya, na bi sauran: ka shigar da lambar ƙungiya, ka kunna binciken da za ta riƙa yi kullum da kanta, sannan ka zaɓi abin da za ta yi in ta kama mugun abu. Zaɓin uku ne, ko ta yi gargaɗi, ko ta killace abin, ko ta goge wayar gaba ɗaya. Ya ce mu sa killacewa. Na tsaya na tambaye shi da kyau ko za ta taɓa abin da mutum ya ajiye a ciki, domin a wajenmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Za a zuba mata wa'azi, a ɗauki hoton jariri, maƙwabci ya ara ya kira ɗansa da ke cirani.

Ya yi dariya ya ce, "Haba mutumina, riga-kafi ne kawai, kamar na shanu. Abin da ke ciki ba mai taɓa shi."

Da bakina na maimaita wa wakilai wannan magana, suka karɓa domin ni na faɗa. Daga baya na gane abin da ake nufi da cewa da ɗan gari akan ci gari.

Da kaka ta matso, ciwon Baba ya tashi. Malamin zaure ne, ya karantar da rabin ƙauyenmu, kuma tilawarsa ta bayan asuba har maƙwabta suna ji ta kan danga, su san gari ya waye. Na lura numfashinsa yana gajarta, sai na ji ina son in ajiye muryar. Tawa wayar 'yar rakani-kashi ce, ba ta iya komai sai kira. Na buga wa abokina na gaya masa halin da ake ciki, na ce zan ɗauki karatun Baba a wayar ƙungiya da aka bar mini saboda aikin, ko akwai matsala? Ya ce in ɗauka, Allah ya ba Baba lafiya, in gaishe shi. Haka na riƙa ajiye wayar kusa da buzunsa da safe. A cikin abin da na ɗauka ana jin carar zakara, ana jin tarinsa, ana jin inda ya yi tuntuɓe a aya ya koma ya gyara. Ba a gama zuba gero a rumbu ba ya rasu.

Inna ta shiga takaba. Kullum in na dawo daga masallaci sai in kunna mata karatun in ajiye wayar a gefen tabarmarta, ta saurara tana jan carbi. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure wajen Shanono, da ta ji sai ta ce ba za ta koma gida ba sai an sa mata a tata wayar. Na gwada, na tarar hanyar turi ta bulutut a rufe, katin memori ma wayar ba ta karɓa. Ranar kasuwa na kai wayar ƙungiyar wajen mai caji, dattijon da kowa ke kai wa turin waƙa da wa'azi a garinmu. Ya sa mata manhajar tura kaya, irin wadda ke wayar kowa. Nan take jan rubutu ya fito, antibairos ta kama baƙon abu. Ko gezau ban yi ba, ai ni na saita ta, na san killacewa za ta yi. Mai caji ya ce turin ya ƙi tafiya, na karɓi wayata na ce sai na yi magana da ofis.

Ina kan babur a hanyar gida na ji ta yi motsi a aljihu. Na tsaya na ciro. Ta mutu, ta kunna kanta, ta fito fes kamar yau aka ɓare ta daga kwali, tana tambayata in zaɓi yare. Na zauna a bakin gonar wani ina latsawa. Babu komai a ciki.

Washegari na tafi Kano. Abokina ya tare ni da ruwan sanyi da fara'ar da ban ga dalilinta ba. Sai da na matsa ya faɗi gaskiya. Ashe abin da muka saita a gindin darbejiya bai yi mako ba aka canza shi daga kwamfutarsa. Manya suka ce duk wayar da aka sa wa manhaja daga waje a goge ta, suka kuma ce kada a sanar, don in wakilai suka ji za su dawo da wayoyin. Ranar da na kira shi ina maganar karatun Baba, ya san da haka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wayar ba ta goge kanta. Sanarwa ce ke zuwa gabansa da sunan mai riƙe da ita, shi yake dannawa.

Na ce, "Ka ga sunana?"

Ya ce, "Na gani."

"Kana da lambar ƙaramar wayata. Me ya hana ka kira ni?"

Ya sunkuyar da kai yana juya biro. Can ya ce in ya bar tawa sai an tambaye shi dalili, kuma in na duba ai wayar ta ƙungiya ce, ba tawa ba. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba, kuma har yau ban huce ba. Na ajiye masa wayarsu a kan tebur na fito, ruwan ma ban sha ba.

Kwana biyu ina gaya wa Inna babu caji, kafin na daure na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye ni sau biyu ko na tabbata abokin nawa ne ya danna.

Da safe na shiga ɗakinta da Alƙur'anin Baba, na zauna inda nake ajiye wayar, na ɗauko daga surar da ya fi yawan karantawa. Na yi iya ƙoƙarina in bi salonsa. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma ba haka yake jan wurin nan ba."

Na ce to ta nuna mini yadda yake yi. Ta gyara zama, ta buɗe baki ta fara, ta tsaya. Ta sake ɗaukowa daga farko, ta kuma tsayawa a wuri ɗaya. Sai ta dube ni ta ce ita ma ya kuɓuce mata.