Tsumman Malam Ɗayyabu

Duk wanda ya taɓa zuwa ma'aikatarmu neman fayil ɗinsa ya san Malam Ɗayyabu, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke zaune a ɗakin ƙarshe, bayan matattakala, inda rufi ke yoyo tun kafin a ɗauke ni aiki. Sunana Juwairiyya, ni ce mai buga takardu, ofishina na jikin nasa. Don haka abin da zan faɗa a idona aka yi shi, wani ma da hannuna.

Daga Malumfashi ya zo Kaduna yana saurayi, aka ɗauke shi masinja. Da ya shekara huɗu sai aka tura shi ɗakin fayil, ba don ya cancanta ba, sai don duk wanda aka tura can da uzuri yake dawowa. Fayiloli ne na ma'aikata da 'yan fansho, sun haura dubu tara, jibge har kusa da silin. Lambar da ake rubutawa a bangon fayil, damina biyu ta ishe ta ta koɗe, abin da ya rage kuma gara ta ƙarasa. Igiyar ɗaure fayil ma ta ƙare a watansa na farko. Ya je sito, aka ce ya rubuto. Ya rubuta, aka ce ana dubawa.

Matarsa Mero tela ce a Badarawa. Wata Lahadi yana zaune a tsakar gida ya ga tana share ƙyallayen ɗinki za ta kai bola. Ankon wani babban biki ta gama, mata arba'in atamfa iri ɗaya, ƙyallaye cike da buhu. Ya ce ta bar masa. Ta ce me zai yi da tsumma? Ya ce shi ma bai gama sani ba tukuna.

Da farko ɗaurewa kawai yake yi don kada takardu su zube. Shekara na zagayowa Mero ta ɗinka wani ankon, ya kawo sabon buhu, sai ya lura daga bakin ƙofa yana iya bambance fayilolin bana da na bara ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Daga nan abin ya zauna. Kowace shekara da atamfarta, kowane sashe da yawan ƙullinsa: direbobi ƙulli ɗaya, masu gadi biyu, haka har shida. Tsofaffin fayilolin da ya tarar kuwa ya bi su a hankali da ragowar shadda da yadi. Atamfa ba ta koɗewa kamar tawada, gara ma ba ta cika son ta ba.

Na sha gani, tsoho ya zo tun daga Rigasa, ba lamba, ba takarda, sai sanda.

"Baba, wace shekara aka ɗauke ka aiki?"

"Wallahi ban riƙe ba, amma shekarar ce ruwa ya ci katangar ofishin nan."

"Gadi ka yi?"

"Gadi."

"To, atamfa mai ganyen gwanda ce, ƙulli biyu."

Kafin tsohon ya gama gyara zama a benci, fayil ɗinsa na kan tebur. Mu mata kuwa ɗakin ya zame mana kalanda. In gardama ta kaure kan shekarar da aka yi wani biki, sai a ce a je a duba wajen Malam Ɗayyabu.

Ba wanda ya taɓa kiran wannan abu dabara. Tsumman Ɗayyabu ake ce masa. Manya ba sa saukowa bayan matattakala. Fayil suke nema, fayil na zuwa, masinja ya kwance ɗaurin kafin ya shiga da shi, shi ke nan. Abu ɗaya ne ke cin ran dattijon: saura wata bakwai ya yi ritaya, kuma tsarin duk a kansa yake. So yake hukuma ta amince da shi a rubuce, a ba shi wanda zai koya wa, kada tsofaffi su koma jin "dawo mako mai zuwa" bayan tafiyarsa.

A wannan tsakanin aka kawo mana sabon darakta, Sharhabil, matashi mai zafin nama, kuma ban ce mugu ba ne. Daga wani kwas ya dawo, kalma ɗaya ce a bakinsa: ƙirƙira. Ya shirya mana taron bita na kwana uku a wani otal a Doka, don a koya mana sabon tunani. Aka zaunar da mu gwargwadon muƙami, manya a gaba kusa da na'urar sanyaya ɗaki, su Malam Ɗayyabu a baya kusa da ƙofa.

Malamin bitar, wanda aka ɗauko daga Abuja, ya ɗaga tsintsiya ya ce a faɗa masa amfaninta ashirin. Ɗaki ya yi tsit. Ba don ba mu san tsintsiya ba, sai don darakta bai yi magana ba tukuna. Can darakta ya yi murmushi ya ce, "Shara." Mataimakinsa ya miƙe ya ce, "Kamar yadda Yallaɓai ya faɗa, shara." Na bayansa ya goyi baya. Malam Ɗayyabu na gefena yana lissafa mini a kunne: sakace, kaɗa miyar kuka, auna zurfin man janareto, toshe ramin kunama. Ya kai sha ɗaya aka ce a tafi shan shayi, layi bai iso baya ba. Ranar ƙarshe aka ba kowa satifiket, darakta ya ce duk mai sabuwar dabara ya rubuto, amma ta hanyar da ta dace.

Washegari Malam Ɗayyabu ya shigo ofishina da takarda rubuce da hannunsa, fuskarsa kamar ta ango. Layin farko cewa ya yi: "Shekara talatin da ɗaya ke nan ina ɗaure fayilolin gwamnati da ƙyallen atamfa."

Na ajiye takardar. Na ce, "Baba, da takardar tuhuma kake so ka tafi gida? Wa ya ba ka izini? A wane fayil amincewar take?"

Ya fi ni sanin cewa a aikin gwamnati abin da aka yi ba izini sunansa laifi, ko da ya yi kyau. Ya ce, "To 'yata, yaya za a yi?"

Na ce ya bar mini. Na cire shekara talatin da ɗaya, na cire atamfa, na cire Mero. Na rubuta cewa cikin ladabi yana ba da shawarar a duba yiwuwar amfani da launuka wajen bambance fayiloli bisa shekara da sashe, in hukuma ta ga ya dace. Ta fito tsaf, ba inda za a kama shi. Har alfahari na yi da ita ranar.

Takarda ta kama hanya. Tebur bakwai ne tsakanin ɗakin fayil da ofishin darakta. Wannan yana hutu, wancan ya tafi Umara, na gaba yana son a gyara kwanan wata.

Tana tebur na uku sai Kwamitin Sababbin Dabaru, wanda aka kafa bayan bita, ya fito zagayen ofisoshi. Ranar ce darakta ya fara taka ɗakin fayil. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi ja da kore da ruwan ƙwai har sama.

"Wannan ɗakin fayil ne ko shagon tela?"

Kwamiti ya yi dariya, tunda darakta ne ya yi barkwanci. Ya ce irin wannan tsohon yayin ne ya hana mu ci gaba. A cire tsumman nan duka, a sayo farar igiya, a jera fayiloli tsaf. Malam Ɗayyabu ya buɗe baki. Shugaban sashensa ya dube shi, irin kallon da ke cewa ƙarami ba ya mayar wa darakta magana a gaban kwamiti. Dattijon ya rufe bakin, ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ina tsaye a wurin. Na san komai, kuma ni ma ban ce uffan ba.

Igiyar da ya nema tun yana saurayi, cikin kwana biyu ta iso. Da almakashin Mero ya yi aikin, kwana goma sha ɗaya, shi kaɗai, don ya ce ba ya son wani ya taya shi. Ta bango nake jin ƙarar almakashin, na kasa buga ko layi ɗaya ba kuskure. Masu shara suka kwashe buhunan. Kwamiti ya sa aka jera fayilolin bisa kauri, manya ƙasa ƙanana sama, aka ɗauki hoto. Ɗaki ya yi kyau, wannan kam ba gardama. A makon ne na fara jin Malam Ɗayyabu yana ce wa wata tsohuwa, a hankali, ba a ga fayil ɗinta ba, ta dawo mako mai zuwa.

Ranar Alhamis, ana gobe zai yi ritaya, darakta ya aiko a kira shi, ni kuma in zo da littafi in ɗauki bayani. Muka same shi da takardarmu a hannu, fuska cike da fara'a.

"Malam Ɗayyabu! Cikin mutum sittin da suka yi bita, kai kaɗai ka kawo abin da za a kira dabara. Launuka! Ka ga amfanin ilimi? Kwana uku kacal, kanka ya buɗe. Na amince. Ka fara gwaji ranar Litinin, dama koke-koken ɓatan fayil sun ishe ni."

"Ranka ya daɗe, gobe nake ajiye aiki."

"Ash! To ko ɗan samfuri ba za ka bar mana ba?"

Malam Ɗayyabu ya dube ni. Na sunkuyar da kai kan littafina. Kunya ce ta rufe ni, har yau kuma ba ta sake ni ba.

"Babu samfuri, ranka ya daɗe."

Darakta ya girgiza kai, da tausayi na gaske. "Matsalar ma'aikatanmu ke nan. Mutum ya shekara talatin da biyar bai taɓa yin tunani ba, sai ya zo tafiya. Da tun da wuri ka kawo wannan, Malam Ɗayyabu, da yanzu ba tsohon da ke wahala a bencin nan."

Dattijon ya gyara hularsa, ya ɗan rusuna.

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji shi. "A yi mini haƙuri."